Kujerar da Aka Ba Abokin Teburina

Babana ɗan gishiri ne. Da jakunansa yake zuwa Fogha ya ɗauko, ya kawo kasuwar Gaya, wani lokaci ya sa a kwalekwale ya ƙetara wa mutanen Malanbil. Ba shi da kowa a gidan sarki, don haka shekarar da kumandan, jami'in mulkin Faransa, ya ce a kawo yara a cika lakwal, wato makarantar boko, ƙofarmu aka fara tsayawa. Inna ta yi kuka har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu. Baba kuwa ya tashi. Ya kama hannuna ya kai ni da kansa, don kada gardi ya ja ni a gaban mutane.

Malaminmu mutumin Dahome ne, gajere, mai tsabta, kullum cikin farar riga mai sitaci. Mushe muke kiransa, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Ta tagar kilas ɗinmu ana hango gidan kamfanin Turawa da ke kan hanyar bakin kogi: kanti a ƙasa, mangaza a baya inda ake jibge gyaɗa, bene a sama inda Baturen kamfanin ke zama. Duk ranar da muka ɓata wa Mushe rai a dikte, darasin shifta, sai ya ajiye alli ya nuna benen da bulalarsa.

"Kun ga wancan benen? Wanda ke samansa ba gadon sarauta ya yi ba, karatu ne ya hau da shi. A ƙasar Turawa, wanda ya zo na ɗaya a kilas shi ke riƙe kamfani. Na tsakiya su yi masa rubutu. Na ƙarshe su ɗauki buhu. Kowa ya zaɓi inda zai tsaya."

Ni na zaɓa. Ba a taɓa gaya wa ɗan mai jakuna cewa akwai wata hanyar hawa da ba ta bi ta gidan uban wani ba. Da na ji an ce akwai, sai na riƙe maganar da hannu biyu. Na daina bin yara wanka kogi. Ran kasuwa ina gefen gishirin Baba ina haddace kalmomin Faransanci, masu saye suna yi mini dariya. Tun daga shekara ta biyu ban sake barin wani ya wuce ni ba.

Teburi ɗaya muke zama da wani yaro dogo, mai fara'a, ɗan wani attajirin goro wanda shi ya fara sayen kamyo, babbar motar kaya, a garinmu. Shi ba kama shi aka yi ba. Ubansa ne ya kawo shi da kansa, don ya samu mai gaya masa abin da Turawan duwan, wato kwastan, ke faɗa a kan kayansa. Yaron ba daƙiƙi ba ne, zama wuri ɗaya ne ba ya iyawa. Hankalinsa kullum yana waje. Ya san direban kowace mota da ke tsayawa bakin kogi, ya san wanda matarsa ta haihu, ya san wanda ya yi faɗa da ɗan duwan. Amma ka ce ya rubuta layi uku babu kuskure, sai gumi ya karyo masa. Yakan kawo mini rake da soyayyen kifi, ni kuma in koya masa lissafi a gindin giginya bayan an tashi, in ya yarda ya zauna. Muna son juna a lokacin, wannan ba zan musa ba.

Da aka yi jarrabawar sartifika na zo na ɗaya a yankinmu, shi ya faɗi. Ya maimaita shekara, ya sake faɗuwa. Ubansa ya ce ya isa haka, ɗan abin da ya iya ya ishe shi gaisawa da ɗan duwan, ya ɗora shi a kamyo yana bin kaya tsakanin Dosso da Paraku. Ni kuwa aka tura ni Yamai ƙarin karatu. Ranar tafiyata Mushe ya dafa kaina a gaban yara ya ce, "Ku dube shi da kyau. Wata rana sai kun nemi izini kafin ku gan shi."

Na dawo Gaya da takardata na tarar ƙafafun Baba sun gaza, an sayar da jakunan. Kamfanin nan yana neman mai rubutu, na nema, aka ɗauke ni. Ranar farko na taka matakalar benen na hau. Na ɗauka zan tarar da mutum a tsakiyar littattafai. Na tarar da wani ƙaton Bature ja, mai gumi, zaune da 'yar shara yana cin gasasshen kifi da hannu. Ya iya Hausar kasuwa da Dendanci, musamman zagi. Gyaɗa kuwa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya gaya maka ko ta sha ruwa a hanya. Amma ba ya rubutu. Duk abin da za a aika babban biro, wato ofishin kamfanin na bakin teku, yana kai da kawowa yana faɗa, ni ina gyara maganar a kan mashin ɗin rubutu, ya sa hannu. Na ɗauka girma ne ya hana shi riƙe alƙalami.

Wata rana an aike ni Dosso, ya rubuta sanarwa da kansa ya manna a ƙofar mangaza. Da na dawo na tsaya ina karantawa. Kurakuran da ke ciki, in a kilas ɗinmu ne, da Mushe ya karya bulala a bayan mai su. Ina nan tsaye ya same ni.

"Me kake kallo?"

"Ba komai, maigida."

"Ƙarya kake, kuskurena kake nema." Ya yi dariya har cikinsa na kaɗawa. "Ni tun ban yi gemu ba na bar lakwal. Malamin ya ce kaina dutse ne. Na tafi tashar jiragen ruwa ina dako, daga nan soja, daga soja sai nan. Don me kake zato na ɗauke ka? In na iya abin da ka iya, me zan yi da kai?"

Ya buga kafaɗata ya wuce. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Daga baya na lallashi kaina, na ce ai wannan reshen daji ne, kowa ma ana iya jefowa. Shugabannin gaskiya suna can bakin teku, su ne Mushe ke nufi.

Babban direktan yakan zo bayan kaka ya duba rassa. Shi kam ya yi kama da abin da aka zana mana: siriri, mai tabarau, Faransancinsa kamar yana karantowa daga littafi. Wata shekara aka ce in raka shi bakin kogi. Lokacin ba a gama gada ba, sai bak, jirgin fiton da ke ƙetarar da motoci, kuma ranar injinsa ya ƙi tashi. Muka zauna a inuwa muna kallon masunta suna gyaran raga. Ya tambaye ni inda na yi karatu, na faɗa masa, har da matsayin da nake zuwa. Ya gyaɗa kai. Sai na yi ƙarfin hali na ce:

"Mushe direkta, kai ma na ɗaya kake zuwa a kilas?"

Ya cire tabarau yana gogewa. "Ni? Ko sau ɗaya. Ina dai cikin na gaba-gaba, ba a kore ni ba, ba a kuma taɓa kirana karɓar kyauta ba. Na ɗayanmu ɗan wani mai gyaran takalmi ne, kansa kamar wuta. Yanzu yana koyar da yara a wani ƙaramin gari mai sanyi."

"To ta yaya..."

"Kawuna," in ji shi. "Kuma na iya zama da mutane a kan teburin abinci."

Bai faɗa da mugunta ba. Kamar mai gaya maka ruwa ya ƙaru a kogi ya faɗa.

A shekarun da na yi a gidan na ga shugabanni da yawa suna wucewa, na kamfaninmu da na waɗansu. 'Yan dako suna son cewa duk jakai ne da suka yi sa'a. Ba gaskiya ba ne. Yawancinsu sun fi talakan ƙasarsu karatu, sun zauna a manyan makarantu, domin iyayensu na da halin ajiye su a can. Amma zakaran kilas, irin wanda aka ce mana, ban gamu da ko ɗaya ba a kan kujera. Zakarun na gan su, ko na ji labarinsu. Suna bayan kujera, a tsaye, riƙe da takardu. Na san wannan sarai, na gan shi da idona, amma duk da haka wani wuri a zuciyata bai daina jira ba.

Sai zamanin siyasa ya zo. Ko'ina maganar mulkin kai ake yi, a kasuwa, a bakin kogi, a ƙofar masallaci. Kamfanonin Turawa suka ga iska ta juya, suka fara neman baƙaƙen fuskoki da za su sa a gaba. Aka sanar cewa Baturenmu zai koma bakin teku, reshen Gaya ɗan ƙasa za a ba. Aka ce kuma ba son kai, jarrabawa za a yi wa duk ma'aikatan rassa. Aka tara mu a Dosso muka rubuta: lissafi, dokokin duwan, wasiƙar ciniki. Da sakamako ya fito, na zo na ɗaya.

Labari ya riga ni isa gida. Lokacin na yi aure, matata na goyon ɗanmu na fari. Na tarar mata sun cika tsakar gida suna yi mata guɗa, suna kiranta matar direkta, ita tana rufe fuska tana dariya. Inna ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta sadaka. Baba, wanda ba ya iya tashi sai an kama shi, ya sa aka fito da shi zaure don masu zuwa barka su same shi. Wani tsohon abokin fataucinsa ya ce masa, "Ashe ranar da gardi ya zo alheri ya kawo maka." Baba ya yi murmushi, abin da na daɗe ban gani ba.

Aka yi makonni shiru. Sannan wata safiya Baturen ya kira ni sama. Ya ce in zauna, abin da bai taɓa cewa ba.

"Jarrabawarka ta burge su a can," in ji shi. "Direkta da kansa ya ce bai taɓa ganin irinta ba."

"Na gode, maigida."

"Shi ya sa ba za a taɓa ka daga inda kake ba. Biro ɗin nan in babu kai rushewa zai yi. Za a ƙara maka girma, kai ne mataimaki."

"Mataimakin wa?"

Ya faɗi sunan abokin teburina.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Ai ba ma'aikacinmu ba ne. Bai ma rubuta jarrabawar ba."

"Bai rubuta ba." Ya kunna taba. "Ka saurara, zan gaya maka don ina ganin mutuncinka. Rabin gyaɗar da muke kai wa jirgin ƙasa a motocin ubansa take tafiya. Ƙanin ubansa yana cikin waɗanda za su riƙe ƙasar nan gobe. In ya shiga kasuwa mutane suna tashi. Kai in ka shiga, wa ke tashi?"

"To don me aka yi jarrabawar?"

Ya busa hayaƙi sama. "Don a san wanda zai riƙa yi masa aiki."

Na sauko. Ban san yadda na kai ƙasa ba. Mai gadi ya ce mini, "Sannu da fitowa, direkta," na wuce shi. Abin da ya fi mini wuya shi ne shiga gida. Na faɗa wa Baba a zaure, a tsaye. Ya ce a kama shi a mai da shi ɗaki. Bai sake fitowa zauren nan ba sai ranar da aka fito da shi a makara, damina mai zuwa. Matata ba ta yi kuka a gabana ba. Amma matan unguwa ba su daina kiranta matar direkta ba, sai dai yanzu da wata irin murya, har ta daina zuwa ɗiban ruwa da safe lokacin da suke taruwa.

Aka shirya bikin miƙa kujera a filin gaban kanti. Ni na rubuta jawabin Baturen. Ni na rubuta jawabin sabon direkta, na zauna da shi muna maimaitawa har ya daina tuntuɓe a dogayen kalmomi. Ya zo cikin babbar riga mai aiki, makaɗa na biye da shi, direbobin ubansa sun jera motoci suna busa ƙaho. Kumandan ya zo, sarki ya aiko wakili. An kawo yaran lakwal sun jeru a rana da ƙananan tutoci.

Sai aka ba Mushe magana. Ya tsufa, gashinsa ya yi fari, amma rigar na nan da sitacinta. Ya tsaya gaban yaran ya nuna abokin teburina da hannu.

"Wannan ɗalibina ne. A hannuna ya koyi harafin farko. Tun yana ƙarami na ga alamar shugabanci a goshinsa, yana cikin yaran da ban taɓa shakka a kansu ba. Ku dube shi, ku ga inda karatu ke kai mutum."

Yara suka tafa. Ina tsaye bayan kujerun manya riƙe da takardun jawabi. Mushe ya gan ni, na tabbata ya gan ni, domin idonsa ya tsaya a kaina kafin ya kawar. Da aka watse na tare shi a bakin hanya.

"Mushe, ka manta wanda ya faɗi sartifika?"

Ya dubi hagu da dama. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, ni baƙo ne a ƙasar nan. Ana ta cewa mutanen Dahome su koma gida. Ina da 'ya'ya. Me kake so in faɗa?"

Ya gyara rigarsa ya bi bayan yaransa.

Da abokin nawa mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Ba mugu ba ne. Ranar farko ya ce kada in kira shi maigida in muna mu biyu. Yakan aiko wa Inna goro. Da ɗana ya yi zazzaɓi, motarsa ce ta kai mu wurin likita. A gaban baƙi yakan dafa ni ya ce, "Wannan shi ne kaina, ni ƙafa ce kawai," a yi dariya, ni ma in yi. Kowace irin wannan kyautatawa sai ta kwana tana cina. Da safe in hau benen da takardu, in nuna masa inda zai sa hannu da yatsa, ya sa, ya ce, "Allah ya bar mu tare, malam." Ya koyi wani irin sa hannu mai lanƙwasa da yawa, yana alfahari da shi.

Kuma akwai abin da na gani wanda ba na son tunawa, amma ya faru. Ana tsakiyar kwasar gyaɗa wata kamyo ta zame daga kan bak ta faɗa kogi, yaron mota ya mutu. Direbobi suka ce ba mai sake hawa jirgin sai an gyara shi, suka jera motoci tun daga bakin ruwa har cikin gari. Gyaɗa na zaune a rana, bakin teku na ta aiko waya. Ni na fara zuwa, domin shi yana ƙauye. Na karanta musu abin da yarjejeniya ta ce, na bayyana musu hakkin kamfani da nasu, dalla-dalla, babu kuskure ko ɗaya. Wani tsohon direba ya tofar da goro ya ce, "Malam ya gama karatu? To a kawo mana mai magana."

Da ya iso bai tambayi yarjejeniya ba. Ya cire babbar rigarsa ya zauna a ƙasa cikinsu. Ya kira kowa da sunansa. Ya tambayi garin yaron da ya mutu, ya ce shi da kansa zai kai gawar wa uwarsa. Sannan ya tashi ya shiga motar farko, ya zauna kusa da direba, ya ce, "In za ta nutse, ta nutse da ni." Kafin la'asar motoci na ƙetarewa. Na tsaya a bakin ruwa da takardata a hannu. Na san ba zan iya abin da ya yi ba. Amma na kuma san dalilin da ya sa ya iya: tun yana yaro yake cikin motocin ubansa, lokacin da ni nake haddace sunayen kogunan Faransa don an ce mini can hanya take.

Bayan 'yan kwanaki muka haɗu a bakin kogi da yamma, mu biyu, muna jiran wasu kaya daga hayi. Ban shirya magana ba, ita ta fito.

"Ka san kujerar nan tawa ce."

Bai yi fushi ba. Ya tsinke ciyawa yana murzawa. "Na san kai ka ci jarrabawa."

"Kuma ka karɓa."

"Na karɓa." Ya juyo ya dube ni. "Malam, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Tun kafin a tara ku a Dosso aka zo wurin ubana. Da na ƙi, ɗan wani attajirin Dosso za a kawo, wanda bai san ka ba, ba kuma zai gaishe da Inna ba. Sunanka bai taɓa shiga maganar ba. Ko sau ɗaya."

Na fi son da ya zage ni. Duk watannin nan ina ɗauke da tunanin an ƙwace mini abu, ashe ba a taɓa miƙo mini shi ba ballantana a ƙwace. Ya ga fuskata, ya ce, "Ka yi haƙuri. Ni ban iya karatu ba, amma ba na maka ƙarya."

Na ƙara shekara a ƙarƙashinsa saboda Inna. Da aka fara neman malaman lakwal 'yan ƙasa don maye waɗanda suka koma garuruwansu, na ba da sunana. Aka tura ni ƙauyen Karakara. Ya yi ta roƙona in zauna, har gida ya zo, ya durƙusa gaban Inna ya ce ta sa baki. Inna ta ce ita ba ta taɓa gane abin da ke cikin lakwal ba tun farko, ba yau za ta fara ba.

Muka bar gidan siminti mai rufin kwano da kamfani ya ba mataimaki, muka koma ɗakin laka da ke yoyo ta kusurwa biyu. Kilas ɗin rumfar zana ce. Iyayen yara suna ɓoye 'ya'yansu a gona in sun hango ni. Matata ta yi damina guda ba ta yi mini maganar da ta wuce ta abinci ba. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Malam, shi ka yi wa fushi, amma mu ka hukunta."

Shi kuwa ya ci gaba. Bayan Turawa sun sauka ya bar kamfanin ya kafa nasa, motocinsa suka cika hanyar Dosso, ya je Makka, ya gina masallaci. Mutanen kirki da yawa sun ci abinci ta dalilinsa, wannan ma gaskiya ne.

Kowace kaka sai kamyo ta ratso hanyar Karakara mai yashi ta tsaya ƙofar lakwal, a sauke buhun shinkafar Gaya, direba ya ce maigida na gaishe da malam. Shekarar farko na ce a mayar. Matata ta fito da goyo ta tsaya tsakanina da buhun, ta kalli yaran. Direban ya ja motarsa ya tafi. Da rana ta dafa, da miyar kuka da busasshen kifin da aka haɗo a cikin buhun. Ta ajiye mini kwano a gabana ta koma madafa. Na daɗe ina kallonsa har ya fara hucewa. Sannan na wanke hannu na ci.